MATATTU BA SA SAUYA GIDA

Shafi na 23

Masu turo min "ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, ga shi nan, a bar ni in sha shayina. Wadda ta ce na tsani Manaja Gong kuma, ban tsane shi ba, halinsa nake faɗa.

* * *

Ƙarfe tara da kwata Seol Miran ta shigo ofis, ta tarar an riga an zuba wa baƙo shayin sha'ir a ɗakin taro. Duk wanda ya daɗe a kamfanin nan ya san in aka bar kofin takarda aka fito da na tangaran, to wani ya shiga uku.

Baƙon dattijo ne, ya haura saba'in, da farar taguwa mai gajeren hannu. Jaka na kan cinyarsa, kan busasshen kifi ya leƙo ta baki, wuyan kwalbar giyar soju na gefensa.

"Yawwa, ga ta nan, Baba," in ji Manaja Gong. "Ita ce ta gina abin."

Bara da ake tafi "mu muka gina" ne. Yau ya koma "ita ce".

Abin da ake magana a kai manhajar gidan toka na Garamjae ce, inda ake ajiye tokar mamatan da aka ƙone. Ka rubuta sunan mamacinka, ta nuna maka zaure da layi da lambar gurbi, har da hoton tulun a bayan gilashi. In ba ka samu zuwa ba ka danna, ma'aikata su liƙa masa fure.

Miran ta rusuna. Dattijon ya dube ta.

"Sunana Pyeon," ya ce. "Daga Mokpo na taso jiya. Jikata ta duba min a wayarta, ta rubuta min a takarda. Zaure na uku, layi na biyu, lamba tamanin da takwas. Ƙanena."

"Na'am, Baba."

"Na je. Na shimfiɗa kifi, na zuba masa soju. Na durƙusa sau biyu, goshi a ƙasa. Kin san abin da durƙuso biyu yake yi wa gwiwar nan?"

Ya shafa gwiwar, ya ci gaba.

"Idona ba ya gani sosai. Ina cikin ba shi labarin gida, mai goge-goge ta dafa ni. Ta ce, Baba, ai ba kowa a ciki."

Manaja Gong ya ja numfashi ta haƙora, irin na mai son a san ransa ya ɓaci.

"'Ya'yansa sun ɗauke shi sati biyu da suka wuce," in ji dattijon. "Sun kai shi lambun baya, ƙarƙashin bishiya. Ba su gaya min ba, wannan tsakanina da su ne. Amma ke na'urarki me ya sa ta yi min ƙarya?"

"Ba ƙarya ta yi ba, Baba. Tsohon labari ta ba ku."

"Da bambanci?"

Manaja Gong ya harare ta. "Yi masa bayani yadda ɗan Adam zai gane."

Miran ta zauna a bakin kujera.

"Baba, sunayen duka suna cikin babban rumbu guda. Kamar rijiya ce, guga ɗaya. Bara ranar Chuseok, bikin ziyarar mamata, mutum dubu arba'in suka buɗe manhajar da safe ɗaya, kowa na son guga, igiya ta tsinke. Awa shida ba wanda ya ga komai."

"Na tuna. An nuna a labarai."

"Sai na ajiye randa a bakin ƙofa. Ranar ɗaya ga wata a ɗebo daga rijiyar a cika ta, duk wanda ya zo ya sha daga randa. Ba a komawa rijiya sai wani ɗaya ga wata."

"In an canza abu ranar biyu ga wata fa?"

"Randa ba za ta sani ba."

"Wa ya ce a yi wata guda? Me ya hana kwana ɗaya?"

Manaja Gong ya riga ta. "Ni na ce mata a yi kwana ɗaya."

Bai ce ba. Abin da ya faru ranar, wani ya tambaya ko wata guda bai yi yawa ba, Miran ta ɗaga kafaɗa ta ce matattu ba sa sauya gida. Aka yi dariya, Manaja Gong ya fi kowa, har ya maimaita maganar a liyafar ƙarshen shekara kamar tasa.

Kuma gaskiya ta faɗa, a wata goma sha ɗaya ba wanda ya motsa sai ɗaiɗai. Abin da ofis guda na masu digiri ya manta, wanda kowace tsohuwa mai tallan ganye a bakin tasha ta sani, shi ne bana kalandarsu ta gargajiya mai bin wata ta zo da watan ƙari. Watan da ba shi da mai gadi. Na sama ba sa kallo, na ƙasa ba sa fushi, sai a ɗaga kabari, a sauya wa toka wuri, a ɗinka likkafani, ba abin da zai biyo baya. Mutane shekara uku suke jiransa.

"Nawa aka ɗaga?" in ji Manaja Gong.

Miran ta buɗe kwamfuta ta leƙa rijiyar.

"Daga biyu ga wata zuwa yau, ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Ɗari huɗu da...! Kin kashe mu."

Dattijo Pyeon ya kurɓi shayinsa, karon farko.

"'Yar nan, kina da naki a can?"

"Mahaifina."

"Kin san inda yake?"

"Na sani. Zaure na biyu, layi na biyar, ɗari biyu da goma sha huɗu."

Ta faɗa ba tare da ta duba ba. Layi na biyar daidai ido yake, ba ka durƙusa ba ka ɗaga kai, kowa shi yake nema. Ita ta yi ta zirga-zirga shekara uku da suka wuce har ta samo shi, gurbin mutum biyu, na mata da miji. Kullum da safe kafin ta tayar da mota ta bar gida sai ta buɗe ta kalli hoton, duk Litinin ta danna fure. Watan nan aiki ya hana ta zuwa da ƙafarta, amma hoton na nan, hankalinta kwance.

"To madalla," in ji dattijon. "Ki riƙe."

"Zubar da randar," in ji Manaja Gong. "Yanzu, a gabansa."

Umarni ne na layi ɗaya. Ta rubuta, ta danna. Tsohon kwafin ya tafi, manhajar ta koma ɗebowa daga tushe.

"Gwada mu gani."

Duk gyaran da ta taɓa yi da suna ɗaya take gwadawa, yatsunta sun haddace, sunan mahaifinta. Seol Gapsu.

Allon ya ɗan yi jinkiri, don yanzu sai ya je rijiya.

Ba a sami wannan suna ba.

Ta goge ta sake rubutawa. Ta sa lambar gurbi. Hoto ya fito, gilashi ne da farin bango a bayansa, da furanni uku a liƙe, ɗaya ya bushe, ɗaya ya fara, ɗaya sabo.

"Ya gyaru?" in ji Manaja Gong.

"Ya gyaru."

"To me kike kallo?"

Dattijon ya miƙo wuya, bai ga komai ba, amma ya ga fuskarta. Ya ajiye kofin a hankali, ya rungumi jakarsa.

"Manaja," ya ce, "bar yarinyar nan ta fita."

* * *

A matakala ta kira ofishin Garamjae. Madam Ok ta ɗauka, wadda ke riƙe da takardun shige da fice shekara goma sha tara.

"Madam, Miran ce. Ɗari biyu da goma sha huɗu."

Aka ji an ja kujera.

"Kin zubar da abin naki ke nan."

"Wa ya sa hannu?"

"Ai yana rubuce, kin fi ni iya dubawa."

"Ina so in ji a bakinki."

"Ha Malsun. Ranar biyu ga wata, ƙarfe goma na safe."

Sunan mahaifiyarta ke nan.

"Furannin fa? Sati uku kina liƙa wa gilashi?"

"Kin danna, takarda ta fito, na liƙa. Aikina ke nan. Kuma ta roƙe ni, 'yar nan. Tsohuwa ta riƙe min hannu biyu."

"Ina aka kai shi?"

"Gurbin 'inda za a kai' ba dole a cike ba ne. Ke kika tsara takardar."

Ita ta tsara, ba musu.

* * *

Motarta na ƙasan ginin, ta yi zafi kamar tanda. Ta bi titin bakin kogi, ta rage gudu a kan kowane tudun hanya yadda ta saba kwanan nan, saboda kwalin da ke but. Tulun daddawar waken soya ne Umma ta sa ta ɗauka, wai na Gwaggo ta Gunsan, kada a jijjiga, kada a buɗe, a bar shi nan sai ta ce. Miran ba ta da lokacin zuwa Gunsan, ba ta kuma da lokacin musu, sai ta bar shi.

Gidan Umma hawa na huɗu ne, ba lif. Ƙofar a buɗe take saboda zafi. Umma na zaune a ƙasa gaban fanka, ta baza jan barkono a tabarma tana cire masa hanci da almakashi.

"Da rana tsaka? An kore ki?"

"Ina Abba?"

Almakashin bai tsaya ba.

"Cire takalmi dai."

Miran ta cire. Ta tsaya a kanta.

"Yau nawa ga wata?" in ji Umma.

"Ashirin da ɗaya."

"Kin ce sai ɗaya ga wata."

"Me?"

"A teburin nan kika faɗa, ranar Sabuwar Shekara, kina yi wa ɗan Gwaggonki burga. Kika ce ko gidan tokar ya tashi sama, wayar ba za ta sani ba sai ɗaya ga wata."

Tabɗi. Matar da kullum sai an nuna mata inda ake danna amsa kira.

"Shi ya sa kika je ranar biyu."

"Da na je ranar talatin da ɗaya ai da washegari kin sani."

"Umma, mijinki ne."

"Na fi ki sani."

"Na yi wata biyu ina neman gurbin nan! Layi na biyar! Kin san mutum nawa ke layi?"

"An gode."

"Na mutum biyu na nema, don kada ku rabu."

"Kin tambaye ni?"

"Na tambaye ki!"

Yanzu almakashin ya tsaya.

"Kin tambaye ni sau ɗaya. A farfajiyar asibiti, kwana biyu ban yi barci ba, ko sunana aka tambaya sai na yi tunani. Kika ce, Umma, na mutum biyu ko? Na ce to. Shi ke nan kika ɗauki 'to' ɗin nan kika ajiye. Shekara uku. Kin sake dawowa kin ji ko tana nan?"

Miran ta gyara tsayuwa a gaban fankar.

"Zauna, kina tare min iska."

Ta zauna.

"Ya dake ki ne?" ta ce a hankali. "Akwai abin da ban sani ba?"

"Bai taɓa ɗaga min hannu ba. Ba ya shaye-shaye fiye da na mutane. Albashinsa gida yake kawowa. Kada ki je ki ƙirƙira masa laifi."

"To mene ne?"

"Shekara arba'in da ɗaya sunana 'Ke'. Ke, ruwa. Ke, ina safata. In baƙi na nan, 'ta gida'. Yana cin abinci rediyo na kunne, ina gefe kamar tukunyar shinkafa. Ban ƙi shi ba, Miran. Na gama ne."

Fanka ta juya ta dawo.

"Duk zuwan da muke yi kina kallon tulunsa. Ni kin san me nake kallo? Farantin sunan da kika sa aka zana. Seol Gapsu, da ranar haihuwa da ranar rasuwa. Ha Malsun, da ranar haihuwa, da fili. Karon farko da na ga sunana kusa da nasa ke nan, kuma an bar wuri ana jirana. In tsaya in rusuna wa ramina, ki ce Umma gyara tsayuwa in ɗauke ku hoto."

"Da kin faɗa min."

"Ke ake faɗa wa magana? Ubanki sak. In kun yanke abu kun rufe littafi."

Wannan ta shiga. Miran ta ji haushi, ta ji kunya, kuma ta rasa wanne za ta fara da shi. Ta ɗauki barkono ɗaya ta juya shi a hannu.

"Ina kika kai shi?"

"Ban kai shi ko'ina ba."

"Umma."

"Shi da bakinsa ya ce a kai shi Yeongdong, gefen uwarsa, kan tudun da ke bayan gonar inabi. Ya faɗa a asibiti, kina waje kina waya da masu gurbi. Na yi niyyar gaya miki, na ga kin riga kin samo layi na biyar kina murna."

"To yana Yeongdong?"

"Da wace ƙafar? Motar haya ba ta hawa tudun nan. Kuma ba mata ke sa miji a ƙasa ba, sai da hannun abin da ya haifa. Ke kaɗai ce."

"Yana gidan nan ke nan."

Umma ta kalle ta kamar ta zagi wani.

"Mamacin da ya fita da ƙafa gaba a dawo da shi cikin gida? A ina aka raine ki?"

"To ba ya Garamjae, ba ya Yeongdong, ba ya nan. Umma, ina ubana?"

Tsohuwar ta koma kan barkononta. Ƙyas. Ƙyas.

"Kullum in na ce yau zan gaya miki, sai ki kira ki ce aiki, ki kashe. Na ce to, aƙalla yana tare da 'yarsa."

"Yana tare da..."

"Kwana goma sha tara a zafin ranar Agusta," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Daddawa a but. Kin taɓa jin wari?"

* * *

Ba ta san yadda ta sauko hawa huɗun ba. Takalmi ɗaya ta sa daidai, ɗayan ta take masa dunduniya.

But ya buɗe. Kwalin na nan inda ta tura shi, tsakanin lema da jarkar ruwan goge gilashi. Ta yanke salatif da mukulli. Tsofaffin jaridu. Ƙarƙashinsu farin ƙyalle an ɗaure shi da kyau, ƙulli biyu. Ba ta kwance ba. Ta taɓa ta ji siffar murfin, da ɗumi.

Da shi ta je ofis. Da shi ta je wankin mota. Da shi ta zauna kullum da safe, inji na aiki, tana kallon hotonsa a waya, tana danna masa fure.

Mai gadin gidan ya leƙo daga rumfarsa ya ga mace da kayan ofis ta durƙusa a kan kwalta mai zafi a bayan mota, goshi a ƙasa, ta tashi, ta sake. Ya mayar da kansa ciki.

Ta ɗauko tulun da hannu biyu, ta ajiye a kujerar gaba, inda yake zama yana mata mitar birki. Ta ja bel ta ɗaure shi.

Sai ga Umma ta sauko, ta canza riga, jaka a hannu, ƙaramin shebur na shuka ya leƙo daga ciki. Ashe jakar a shirye take tun ranar biyu ga wata. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga.

"Watan ƙari gobe zai ƙare," ta ce. "In rana ta faɗi gobe, duk inda yake nan zai zauna sai bayan shekara uku. Madam Ok ba ta ba kowa gurbin ba, na ce ta jira ki."

Miran ta shiga ta tayar da mota.

"Ba zan yi miki dole ba. Ubanki ne. In kin mayar da shi, ki bar farantin yadda yake, zan shiga in lokaci ya yi, ba zan ƙara magana ba."

Wayar Miran ta yi ƙara. Manaja Gong. Ta kife ta.

Suka fito bakin titi. Dama Garamjae, minti ashirin. Hagu babbar hanya, Yeongdong.

Motar da ke bayansu ta yi hon.

"Miran," in ji Umma, "wannan karon ni nake tambaya."

Ta kalli tulun. Ta kalli madubi.

Ta ɗora yatsa a kan sigina.